Ganuwar Jidda: an rushe ta a 1947, yanzu ana tono tushenta. Mu ina namu a ciki?

Ɗan_Sabil:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren Juma'ar da ta wuce na kai yara Balad, wato tsohon garin Jidda. Muka bar mota can wajen Dandalin Bai'a, muka shiga da ƙafa ta Bab Jadid. Babbar 'yata ta tsaya tana kallon ƙofar, ta ce, "Baba, ga ƙofa, ina bangon?" Na gaya mata ɗan abin da na sani, cewa da can ganuwa ce ta kewaye Jidda, aka rushe ta a 1947. Ta ce abokan gaba ne suka rushe? Na ce a'a, gari ne ya yi wa mutanensa kaɗan.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, a 2024 an sanar cewa masu binciken kayan tarihi sun tono ragowar ganuwar da ramin tsaron da ke bayanta, kuma duk mai shiga Balad yana ganin aikin gyaran tsofaffin gidaje ba ya tsayawa. To abin da aka rushe da hannu sama da shekara 70, a dawo ana lallaɓa tushensa, akwai amfani? In akwai, a bar shi yadda aka same shi ko a sake tayar da bangon? Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi tsaya mini a rai: mu Hausawan Jidda ina namu a cikin wannan ganuwa?

Ummu_Hafsa:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya ta, tambayarta ta manya ce. Ni shekarata 19 a Jidda, ina sayen kaya a Bab Makka kusan kowane mako, kuma sai yau na san cewa sunan ƙofar ganuwa ne. Na ɗauka sunan kasuwa ne kawai.

Badamagare:
Ni dai a ganina asarar kuɗi ce. Ganuwa an yi ta ne don kare gari daga mahara. Yau wane mahari ne bango zai tare? A gyara gidajen da mutane za su shiga su zauna, wannan na yarda. Amma gindin bango a cikin rami, wa zai amfana?

Ɗalibar_Tarihi:
Kawu Ɗan_Sabil, bari in ɗan ƙara haske kafin a yi nisa. Ganuwar da aka fi sani ita ce ta wajen 1509, zamanin Sarkin Misra Ƙansuhul Guri, kuma kwamandansa Husaini al-Kurdi ne ya tsaya a kan aikin. Dalili kuwa Turawan Fotugal, waɗanda suka kewayo Afirka suka shigo Tekun Indiya suna barazana ga Bahar Maliya. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya tilasta wa mutanen gari ɗaukar dutse, har da attajirai. A 1517 jiragen Fotugal suka zo har gaban Jidda, suka koma ba su ci garin ba. Ku tuna Jidda ita ce tashar jiragen ruwan Makka tun zamanin Sayyidina Usman, a shekara ta 26 bayan hijira. Wanda ya kama Jidda ya kama ƙofar Harami. To wannan bangon da Malam Badamagare yake cewa ba shi da amfani, tarihin tsaron Makka ne a jikinsa.

Kuma ba ita ce ganuwa ta farko ba. Wani matafiyi Bafarishe da ya zo a ƙarni na 11 ya rubuta cewa ya tarar da Jidda da ganuwa mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon Makka, ɗaya tana kallon teku.

Badamagare:
Na ji, 'yata, kuma ban musa tarihin ba. Amma ai ga shi kin kawo shi daga littafi, ba daga rami ba. Littafin ya isa.

Ɗalibar_Tarihi:
Baba, littafi ya ce 1509, amma gwajin da aka yi wa abin da aka tono ya nuna wannan ɓangaren na baya-bayan nan ne, ƙarni na 18 zuwa na 19. Ma'ana an yi ta gyara ganuwar ana sake ta. Ramin ne ya faɗi wannan, littafin bai faɗa ba.

Tsoho_Mai_Carbi:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Ɗan_Sabil, tambayarka ta biyu nake so in amsa.

An haifi mahaifina a wajen ganuwa, ta kudu, bayan Bab Sharif, a wurin da ake ce wa Nakatu. Nan Takari suke zaune, Hausawa da Barebari da Fulani da Zabarmawa, cikin bukkoki na kara da ganyen dabino da gwangwani. Kakana da ƙafa ya zo, shekara takwas a hanya, yana noman auduga a Sudan yana tara kuɗin jirgi, har ya haye daga Sawakin. Abin da mahaifina ya gaya mini shi ne, da asuba in an buɗe ƙofa sai mutanenmu su shiga. Masu dako a bakin teku, masu ga-ruwa da garwa biyu a kafaɗa, mata masu wankau da masu sayar da gyaɗa da ƙosai, masu fasa dutse, masu cuɗa ƙasa wa magina. In dare ya yi kafin a rufe ƙofa kowa ya fito. Wanda ya makara sai ya nemi masallaci ya kwana.

To ka ga, ganuwar nan mu a bayanta muka kwana. Amma gidajen da take karewa, da yawansu a kan mutanenmu aka ɗauki dutsensu. Lokacin da aka rushe ta mahaifina yana cikin leburorin da suka kwashi duwatsun, ya ce an yi ta kai su bakin teku ana ciko. Ya ce bai ji baƙin ciki ba ko kaɗan, murna ma ya yi, don daga ranar ba wanda zai rufe masa ƙofa. Amma da ya tsufa, in mun bi ta Bab Sharif sai ya tsaya ya nuna mini da sandarsa, ya ce nan bangon ya bi, nan mai gadi yake zama, nan uwarka take ajiye faranti. Ni yanzu in na je ba na iya gane wurin. Da an bar ko taku goma na bangon, da na nuna wa wannan yaron da yake rubuta mini.

Ummu_Hafsa:
Allahu akbar. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan magabata. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ɗan_Sabil:
Amin. Baba, ni a Sabil aka haife ni, kuma na sha jin tsofaffi suna cewa Nakatu, ban taɓa tambaya ba. Ashe sunan wurin da muka taso ne.

Magini_Jidda:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Ni bari in zo ta ɓangaren sana'ata, tunda shekara 26 ke nan ina aikin gini a garin nan, mahaifina kuma magini ne a Kano.

Dutsen da aka gina tsohuwar Jidda da shi ana ce masa manƙabi, dutsen murjani ne na bakin teku. Yana da taushi, yana da ƙofofi kamar soso, shan ruwa gare shi. Ruwan ƙarƙashin ƙasar Jidda kuwa kusa yake, ga gishiri. Sai danshi ya riƙa hawa daga tushe yana ɗauke da gishirin, in rana ta busar da fuskar bango gishirin ya daskare a cikin ƙofofin dutsen ya riƙa cin sa, har ka sa yatsa ka ga yana zuba kamar gari. Duk wanda ya lura da tsofaffin gidajen Balad zai ga daga ƙasa zuwa ƙugu suka fi lalacewa. Sannan ga ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga a jikin bango dare da rana, ga bututu mai yoyo, ga bayyara, wato ramin ruwan ƙazanta, ta cika tana tsattsafowa. Waɗannan sun kayar da gidaje fiye da ruwan sama.

Magina na da sun san halin dutsensu. Suna ɗaura shi da laka, su yaɓe da nura, wato farar ƙasa, kuma duk bayan 'yan sahu su shimfiɗa katako a cikin bangon, shi ake kira takalil, don ya raba nauyi. In wani sahu ya ruɓe ana iya tokare katakon a cire dutsen a sa sabo, ba a taɓa na sama ba. Nura tana barin bango ya yi numfashi. Siminti ba ya bari. Ka yaɓe manƙabi da siminti, waje ya yi kyau sumul, ciki yana jiƙe yana ruɓewa, wata rana yaɓen ya ɓallo gaba ɗaya da fuskar dutsen a jikinsa. Na gani da idona, kuma ina faɗa da nadama, don a shekarun farko da na zo ni ma na yi irin wannan yaɓen, abin da mai kwangila ya ce mu yi ke nan.

Game da abin da aka tono kuwa, ku sani bangon da ya daɗe a binne ya saba da duhu da danshi iri ɗaya. Ranar da aka buɗe shi wa rana da iska, ranar lalacewarsa take farawa da sauri. Ko dai a yi masa rumfa da magudanar ruwa da mai duba shi kullum, ko kuma a auna shi, a ɗauki hotonsa, a sake rufe shi da yashi mai tsabta. Sake binnewa ba wulakanci ba ne, masana suna yin haka da gangan. Abin da ba shi da kyau shi ne a tono, a yi biki, a watse.

Direban_Riyad:
Maigida Magini ya faɗi gaskiya. Ku zo Dir'iyya, nan kusa da Riyad, ku gani. Unguwar Turaif duk ginin ƙasa ne irin namu, tubalin laka da ciyawa a kan tushen dutse. Ibrahim Fasha, jagoran sojan Misra, ya yi mata ƙawanya a 1818, wata shida, ya ragargaza ta, ta zauna kufai shekara da shekaru. A 2010 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, a ƙarshen 2022 aka buɗe wa jama'a. Ina kai fasinja can kusan kullum. Ganuwarta da hasumiyoyinta a bakin Wadi Hanifa in ka gan su da la'asar sai ka rantse Zariya kake. Kuma da laka ake gyarawa, ban ga siminti a jikin Fadar Salwa ba. Riyad ita ma ta rushe tata ganuwar a 1950, sai tsohon gidan tsaro na Masmak aka bari da sunayen ƙofofi irin su Sumairi.

Bakanon_Madina:
Ni abin da yake ci mini rai ba na Jidda ba ne, namu ne na gida. Badalar Kano Sarki Gijimasu ne ya aza tushenta tun ƙarni na 12, ta girmi ta Husaini al-Kurdi da wajen shekara 400. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Turawa da suka zo a 1903 sun yi mamakin girmanta. Yau fa? Bara da na je gida na bi daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya zuwa Ƙofar Famfo. Wani wurin shaguna, wani wurin juji, wani wurin an ɗebe ƙasar an yi bulo. Tun 2007 take cikin jerin jiran UNESCO, har yau tana nan a jira. Su nan sun rushe tasu suna nadama, suna tono da cokali da buroshi. Mu tamu tana tsaye muna kallo tana narkewa.

Direban_Riyad:
To a aiko mana da masu kula da ita su zo Dir'iyya su koyi aiki.

Magini_Jidda:
Ɗan'uwa, ba iri ɗaya ba ne. Ruwan da Kano take samu a watan Agusta kaɗai, Najadu, yankin da Riyad take, ba ta samunsa a shekara. Ginin ƙasa a Riyad zai yi shekaru ba a taɓa shi ba. A Kano in damina biyu ta wuce ba yaɓe, sai ka ga kwari a jikinsa. Kuma ilimin muna da shi, ba sai mun aro ba. Muna da tubali, muna da makuba ta ɓawon ɗorawa, muna da laso, muna da Sarkin Magina da zuriyarsa. Abin da ya mutu shi ne gayya. Mahaifina ya ce da can bayan damina sarki yake sa a yi shela, kowace unguwa da kowane ƙauye da nasa yankin na badala, a fito da kiɗa, a ɗebo ƙasa daga kududdufi a yaɓe. Ganuwar ƙasa ba a gama gininta, kowace shekara ake sake ta. Ranar da aka daina gayya ranar ta fara mutuwa.

Abu_Sumayya:
'Yan'uwa ku ji tsoron Allah. Wannan girmama kufai da duwatsu ta nan shirka take farawa. Yau a ce tarihi, gobe a ga mutane suna shafa bango suna neman tabarruki. Duniya ba wurin zama ba ce, me za mu yi da bangon da masu shi suka mutu suka bari?

Malam_Na_Misfala:
Abu_Sumayya, Allah ya saka maka da kishin aƙida, amma a bambance. Abin da malamai suka yi gargaɗi a kai shi ne ɗaukaka kaburbura da neman albarka a wurin da shari'a ba ta ce ba. Ganuwa ba kabari ba ce, kayan yaƙi ce, kamar takobi da sulke. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa mai albarka ya haƙa ramin Handaƙ a shekara ta 5, bisa shawarar Salmanul Farisi. Kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. In an shafe komai, me za a duba? In an ga jahili yana shafa bango sai a karantar da shi.

Abu_Sumayya:
Malam, na karɓi gyara a kan bambancin. Amma ina nan a kan cewa kuɗin da mai rai ya fi cancanta da su.

Bakanon_Madina:
A Madina ma an cire ganuwa, amma ita da dalili babba, faɗaɗa masallaci da hanyar alhazai. Saura sunaye, Babul Majidi, Anbariyya, Babush Shami. Haka Ƙal'ar Ajyad, tsohon gidan tsaro a Makka, da aka rushe a 2002, inda dogon benen agogo yake yanzu, har Turkiyya ta yi ƙorafi. Ni ban ce kada a taɓa komai ba. Alhaji yana buƙatar wurin sa goshi. Amma Jidda ba ta da wannan uzurin yanzu.

Hajiya_Karantina:
Ina ta karantawa tun jiya ina danne zuciyata, amma bari in faɗa. A 2022 aka rushe unguwarmu. Gidan da na haifi 'ya'ya bakwai a ciki, na aurar da huɗu, na yi wa mijina wanka a tsakar gidan. Aka zo aka rubuta a bango da jan fenti, cikin 'yan kwanaki muka kwashe abin da za mu iya. Mu masu haya ne, ba mu da takardar gida, ba abin da muka samu. Maƙwabciyata ta shekara 30 yanzu tana Bahra, ni ina can arewa, sai a waya. Ba mu kaɗai ba, Gulail, Fetromin, Sabil, Kandara, Hindawiyya, duk sun tafi. To ku gaya mini, dutsen da ya kwana a ƙasa shekara 70 ana share shi da buroshi kada ya ƙwarzane, mu kuma katafila. Ban ce kada a gyara ganuwa ba. Amma kada a ce mini in yi murna.

Ɗan_Sabil:
Hajiya, gidan da aka haife ni ma ya tafi a wannan rusau ɗin. Shi ya sa na ce tambaya ta biyu ta fi tsaya mini a rai.

Badamagare:
Kun ga abin da nake faɗa tun farko.

Injiniya_Sani:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri, kuma ba wanda zai raina abin da ya same ku. Amma a faɗi ɗaya gefen. Na yi aiki a cikin wasu unguwannin nan. Lungu ne da motar kashe gobara ba ta shiga, wayar wuta a saƙe kamar yanar gizo, ba magudana. Duk wanda yake Jidda a Nuwamban 2009 ya san abin da ambaliya ta yi, mutum fiye da 100 suka rasu. Gyara ya zama dole. Yadda aka yi shi da saurin da aka yi shi, wannan ana iya magana. Amma ba kuɗin ganuwa ne aka hana ku ba, aljihu daban ne.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a yi hattara da harshe, kowa ya san inda muke zaune da irin takardar da ke aljihunsa. Hajiya ta faɗi abin da ya same ta, mun ji, Allah ya ba da mafita. Mu koma kan ganuwa.

Ɗan_Maiwurno:
Salam daga ɗan'uwanku na Sudan, yaƙi ne ya kawo ni Jidda a 2023. Da Baba ya ambaci Sawakin sai da gabana ya faɗi. Sawakin 'yar'uwar Jidda ce, dutse ɗaya, tagogin katako iri ɗaya, magina ma suna haye teku su yi aiki nan da can. Ba wanda ya kawo mata katafila. Turawan Ingila ne suka gina Fot Sudan a farkon ƙarni na 20, jirage suka koma can, 'yan kasuwa suka bi su, gidaje suka zama ba mai kwana a ciki. Ba mai yaɓe, ba mai gyara indararo. Na je a 2015, tsibirin tsibi-tsibin farin dutse ne, sai ƙofa nan, rabin bango can. Turkawa sun gyara masallatai biyu, na Hanafi da na Shafi'i, da ginin kwastan. Sauran kuwa sai dai a nuna maka hoto.

A Omdurman ma akwai Ƙofar Abdul Ƙayyum da tawabi, ganuwoyin laka da mutanen Halifa, magajin Mahadi, suka yi a bakin Nilu kafin yaƙin Karari na 1898. Muna yara muna hawa kansu muna wasa. Yau ina zaune a ɗakin haya a nan, ba abin da nake so kamar in sake ganinsu. Malam Badamagare, mutum ba ya sanin bango yana da amfani sai ranar da ya rasa garin. Mu 'yan Maiwurno kakanninmu sun baro Sakkwato bayan yaƙin Burmi a 1903, ba su zo da dutse ko ɗaya ba, sai labari. Labarin kuma kullum raguwa yake, duk tsohon da ya rasu ya tafi da nasa kason.

Badamagare:
Allah ya kawo ƙarshen fitinar nan, ɗan'uwa. Maganarka ta shige ni. Damagaram ma muna da Birni da ragowar garu, ban taɓa kai 'ya'yana ba. Amma har yanzu ban yarda a sake gina sabon bango a ce tsoho ne ba.

Injiniya_Sani:
A nan kam muna tare. Balad ta shiga jerin UNESCO a 2014, kuma ƙa'idarsu ba ta yarda da sake gina abin da ya ɓace ba sai da larura, kuma sai da cikakkiyar shaida, ba kintace ba. Ƙofofin da muke gani yanzu ma, irin Bab Makka, sake gina su aka yi daga baya. Kuma ina za a bi da bangon? Inda ya bi yanzu tituna ne da benaye. Abin da ya fi shi ne a tsare ɗan abin da aka samu na asali, sauran kuma a shata layinsa a ƙasa da dutse mai wani launi, mai tafiya ya san yanzu yana ciki, yanzu ya fita. A 2019 an ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke shirin faɗuwa, a 2021 aka ƙaddamar da babban shirin farfaɗo da yankin. Kuɗin farawa akwai. Abin da zan so in sani shi ne wa zai riƙa zagayawa duk wata yana duba tsaga bayan shekara 20.

Magini_Jidda:
Injiniya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar da za a toshe da nura cikin bokiti ɗaya yau, in an bar ta shekara uku sai an kawo injin ɗaga kaya. Kuma masu hannu suna ƙarewa. Tsohon da ya koya mini aikin manƙabi ya rasu, 'ya'yansa ba wanda ya gaje shi. Yaranmu da aka haifa a nan, da yawa suna zaune ba aiki. Da za a koya musu wannan sana'a, da sun ci abinci da ita, kuma da aikin kakanninsu ne suka koma.

Ummu_Hafsa:
To ni tambayata, in an shata layin a ƙasa kamar yadda Injiniya ya ce, za a rubuta su wa suke kwana a wajen layin? Ko tarihin na masu rawashin ne kawai?

Ɗalibar_Tarihi:
Anti, wannan ita ce tambayar. Allunan da na karanta a Balad suna maganar unguwanni huɗu na ciki, Sham da Yaman da Mazlum da Bahar, da manyan gidaje irin Baitu Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi Jidda a 1925. Bukka ba ta barin tushe, shi ya sa mai tono ba zai samu Nakatu ba. Sai dai a bakin mutane. Baba Tsoho_Mai_Carbi, in ka yarda, ina so in zo da yayana mu ɗauki maganarka a waya, daga farko har ƙarshe, da Hausa, mu rubuta ta kuma da Larabci.

Hajiya_Karantina:
In za ku yi, ku zo wurina ni ma. Na san gida-gida na layinmu, da sunan mai kowane shago. Kada shi ma ya bi Nakatu.

Tsoho_Mai_Carbi:
Ku zo, 'yata. Amma ba a ɗaki ba. Ku ɗauke ni a mota ku kai ni Bab Sharif bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, wataƙila in na tsaya a wurin ƙafata ta tuna abin da idona ya manta. Magini, kai ma ka zo, akwai wani tsohon gida a Haratul Yaman da mahaifina ya ce shi ya ɗauki dutsensa, ina so ka duba mini ko yana da sauran kwana. Ɗan_Sabil, ka taho da yarinyar nan mai tambaya.

Ɗan_Sabil:
In sha Allahu, Baba. Asabar ta yi? Motata tana ɗaukar mutum bakwai. Hajiya, in kin shirya sai mu fara biyowa ta wurinki.

Magini_Jidda:
Asabar ina aiki har ƙarfe uku, amma zan same ku a can. Kowa ya sa takalmi mai rufi, wasu lungunan akwai ƙusa da ɓaraguzai.